Bindigar gado: yadda za ka duba ta, ka tsabtace ta, ka adana ta

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai tsohuwar bindigar da ba wanda ya taɓa ta tun rasuwar mai ita. Wata tana rataye a zaure, wata an soka ta a azara, wata kuma an naɗe ta da tsumma an tura ƙarƙashin gado. Mafi yawansu bindigogin toka ne, waɗanda wasu ke kira adaka ko harbi-ka-ruga, na maharba da 'yan bindigar sarki. Akwai kuma na farauta masu baki ɗaya ko baki biyu da aka shigo da su daga Ingila, Beljiyam ko Rasha. Jefi-jefi akan ci karo da ta soja, ko libarba a ƙasan akwatin wani tsohon ma'aikaci.

Abu biyu ke hallaka irin waɗannan bindigogi. Na farko sakaci ne, a bar ta damina bayan damina har tsatsa ta cinye ƙarfen, gara ta shiga katakon. Na biyu kuma, wanda a ganina ya fi ɓarna, shi ne zumuɗi: magaji ya ɗauko samfefa ya goge ta har ta yi fari, ya shafa wa katakon fenti, sannan ya fita bayan gari ya gwada ko tana tashi. Tsatsa takan ɗauki shekara talatin kafin ta yi abin da samfefa ke yi a yini guda. Shi ya sa na jera aikin bi da bi, kuma jerin yana da dalili. Kada ka tsallake na farko don ka kai ga na biyar.

Da farko, ka ɗauka akwai ɗuri a cikinta

Maharbi ba ya rataye bindigarsa wayam. Yakan ɗura ta ya ajiye don ko-ta-kwana, kuma ajali ba ya jiran mutum ya sauke ɗuri. Baƙin albarushi kuwa ba ya mutuwa da tsufa. In bai jiƙe ba, zai tashi bayan shekara ɗari kamar jiya aka zuba shi. Saboda haka ka fitar da yara daga wurin, ka juya bakin bindigar zuwa tarin ƙasa ko katangar laka mai kauri, ka nisanta yatsanka daga kunama. Ko a hadisi an hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, balle wanda ba ka san abin da ke cikinsa ba.

Ga bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, akwai hanya guda mai sauƙi. Ka zura sandar ɗuri, ko wata siririyar sanda ta katako, cikin bututun a hankali har ta tsaya. Ka yi alama a jikin sandar daidai bakin bututu, ka zaro ta, ka kwantar da ita a jikin bututun ta waje, alamar tana daidai da baki. In ƙarshen sandar ya kai kusa da 'yar kafar da wuta ke shiga, bututun wayam yake. In ya rage tazarar yatsa biyu ko uku ko fiye, akwai wani abu a ciki. Yana iya zama gidan zanzaro ne kawai, don zanzaro na son bututun bindiga ƙwarai, amma kai ka ɗauke shi ɗuri ne. Yayin wannan gwaji kada fuskarka ko tafin hannunka su kasance a saitin baki. Ka riƙe sandar da yatsu biyu daga gefe.

In ka samu ɗuri, kada ka ɗana ka ja kunama don "a huta". Ba ka san abin da aka zuba ba, ba ka san ko sau biyu aka ɗura ba, kuma ba ka san halin da ƙarfen yake ciki ba. Mai ƙanƙara, wato wadda dutse ke ƙyasta wa wuta, tana iya tashi da tartsatsi ɗaya ko da ba a zuba albarushi a 'yar tasar ba, mai hula kuma, wato wadda ake ɗora wa ɗan murfi mai sinadarin da ke kama wuta in kunama ta buge shi, ragowar sinadarin tsohuwar hula da ya manne yana iya kama wuta. Ka tsiyaya ruwa ta baki, ka jingine ta a wurin da ba kowa, bakin yana sama, ta kwana biyu ko uku, sannan wanda ya san aikin ya zaro ɗurin da sanda mai ƙugiya. Jiƙawa tana rage haɗari, ba ta kawar da shi. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a kai gindin bututun wutar maƙera don a kwance shi.

Ta farauta mai karyewa, ka tura sakatar sama ka karya ta, ka leƙa. Ta soja mai sakata, ka ja sakatar baya ka cire gidan harsashi, ka duba da ido ka kuma taɓa da ɗan yatsa. In tsatsa ta hana ta buɗewa, kada ka buga da guduma. Ka ajiye ta a matsayin mai harsashi a ciki, ka wuce mataki na biyu.

Na biyu, doka

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi gudu, alhali shi ne ke raba mai adana tarihi da wanda za a gurfanar. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa: manyan bindigogi, masu sarrafa kansu, bindigogin soja masu cin harsashin 7.62 ko .303 da makamantansu, da kuma libarba da fistol kowace iri. Mallakar ɗayansu ba izini na jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma tsufan bindigar ba hujja ba ce a gaban alƙali. Kashi na biyu su ne na farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato bindigogin toka, sha'aninsu yana hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha.

Lasisi na mutum ne, ba ya shiga rabon gado. In mai lasisi ya rasu, doka ta ba wanda kayan mamacin ke hannunsa kwana 14 kacal ya riƙe bindigar. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka ka fara tambayar matsayin da ake ciki kafin ka sa rai. Gyaran bindiga shi ma sai mai izini, ba kowane maƙeri ko mai walda ba.

Shawarata ita ce kada ka saɓa bindiga ka nufi caji ofis da ita, musamman a wannan zamani da hanya ke cike da shingen bincike. Ka bar ta a kulle a gida, ka je da bakinka tare da mai unguwa ko dagaci ko lauya, da tsohon lasisin in akwai, ka yi bayani. In sun karɓe ta, ka nemi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar. Mazauna Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi kowa da dokar ƙasarsa, amma dabarar ɗaya ce: a fara kai magana kafin a kai ƙarfe.

Na uku, ka san mece ce a hannunka

Nan ne daɗin aikin yake. Ka samu tocila da tsumma mai laushi, ka share ƙura kawai, ka bi jikin ƙarfen a hankali, musamman gindin bututu da farantin da ke ɗauke da kunama.

Yawan bindigogin toka a ƙasashenmu yana da dalili a tarihi. Yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Brussels a 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara marasa zare a ciki da albarushin kasuwa. Masana'antun Birmingham a Ingila da Liège a Beljiyam suka ci gaba da ƙera wa Afirka irin bindigar da Turai ta daɗe da yin watsi da ita. Wannan na cikin dalilan da suka sa a yaƙin Kano da na Sakkwato da na Burmi a 1903 tazarar makamai ta yi yawa haka. Daga baya maƙeranmu suka riƙa ƙera nasu, wani lokaci su haɗa kunamar Turai da bututun gida.

Tambarin gwaji, wato alamar da ake bugawa bayan an gwada ƙarfin bututu da harbi, shi ne ke faɗa maka asalin bututu. In ka ga haruffan ELG da ɗan tauraro cikin zagaye mai siffar ƙwai, na Liège ne. In akwai kambi a saman zagayen, daga 1893 ne zuwa gaba. Sanduna biyu a giciye da kambi a sama, da haruffan BPC ko V, na gidan gwajin Birmingham ne wanda aka kafa a 1813, kuma an yi amfani da wannan tambari har 1904. BP da BV ƙarƙashin kambi sun biyo baya, BNP kuwa daga 1954 ne. Kalmar TOWER a jikin farantin kunama tana da yawa, amma kada ta ruɗe ka, don 'yan kasuwa sun yi ta buga ta a kan bindigogin da ba su taɓa shiga hannun sojan Ingila ba. Abin da ke nuna kayan gwamnatin Ingila shi ne ɗan tambari mai kama da kan kibiya. In babu tambari ko ɗaya, kuma ka ga layin haɗi ya bi tsawon bututun, to ƙirar gida ce, wataƙila da bututun ruwa. Wannan bai rage mata daraja a matsayin kayan tarihi ba, don aikin hannun maƙerin garinku ne, sai dai ya yanke hukunci a kan batun harbi.

Ta farauta mai baki ɗaya da aka rubuta wa Baikal ta garin Izhevsk ce a Rasha, kuma in ka ga USSR a jikinta ka san an ƙera ta kafin rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Mai harsashi ɗaya da ake buɗewa da wani hannu a ƙarƙashi, bayan kunama, tsarin Martini ce; sojan Ingila ya karɓi Martini-Henry a 1871, kamfanin Greener kuma ya ƙera na farauta da na 'yan sanda a kan wannan tsari. Mai sakata da gidan harsashi goma kuwa Lee-Enfield ce. Samfurin da katako ya rufe shi har baki na 1907 ne, wanda ya biyo shi, lamba 4, shi ne na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Lee-Enfield dakarunmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙin ƙasar Bama (Burma) a Asiya, kuma 'yan sanda sun daɗe suna rataye da ita, ita ce ake kira mak-fo. Ita da libarbar Webley duk suna cikin kashin farko na doka, wurinsu gidan tarihi ne ko ma'ajiyar gwamnati.

Kafin ka taɓa komai da mai, ka ɗauki hotuna: gefe biyu, kowane tambari, kowace tsaga. Sannan ka zauna da dattawan gida ka rubuta abin da suka sani. Wa ya saye ta, a wace kasuwa, a zamanin wane sarki, wane dawa aka shiga da ita, ko an taɓa fita da ita hawan salla? Bindigar toka da ba labari ƙarfe ne da katako kawai, irinta dubbai ne. Wadda aka san mai ita da inda ta je, ita ce abin adanawa, kuma masu wannan labari suna ƙarewa.

Na huɗu, tsabtacewa

Ƙa'idar ita ce a tsayar da lalacewa, ba a mayar da ita sabuwa ba. Launin ƙasa-ƙasa mai santsi da ke jikin tsohon ƙarfe ba datti ba ne, shi ne shekarunta, yana ma kare ƙarfen. Abin da ake yaƙa shi ne jar tsatsa mai gari, wadda ke kama tsumma in an shafa.

Kayan aikin kaɗan ne: man keken ɗinki, kananzir, tsummokin auduga, tsohon buroshin haƙori, tsinken katako, da ɗan guntun tagulla ko tsohon kwabo na jan ƙarfe. Abin da za ka nisanta ya fi yawa: samfefa, buroshin waya, injin gurza, ruwan batir, ruwan tsami ko lemon tsami, da maganin goge tsatsa na kanti, don yana cire launin asali tare da tsatsar. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, su kuma yi tsami su ci ƙarfe. Baƙin man mota yana ɗauke da dattin inji.

Ka ɗiga man keke a kan tsatsar ka bar shi ya kwana. Washegari ka kankare da gefen kwabon a hankali. Tagulla ta fi ƙarfe laushi, za ta ɗaga tsatsar ba ta karce abin da ke ƙasa ba, ɗan jan da ta bari kuma tsumma mai mai zai ɗauke shi. Ka share, ka sake ɗiga mai, ka sake bari. Aikin kwanaki ne, wani wurin sai an maimaita sau da yawa. Ramukan da tsatsa ta riga ta haƙa ba za su cike ba, kada ka bi su da gurza. Kewayen tambari kuwa buroshin haƙori da tsinke kawai.

Kwance sukurori ba dole ba ne, kuma nan ne ake yawan yin ɓarna. Tsagar kan tsohon sukuru siririya ce, sukundireban kanti yakan zame ya yage ta. In ba ka da wanda ya cika tsagar daidai, ka bar shi. In ya ƙi juyawa bayan ya sha kananzir kwana biyu, ka bar shi. Kada ka taɓa kwance sifirin ɗin da ke cikin kunama, don a matse yake, in ya karye ba inda za ka samo irinsa.

Cikin bututu, bayan ka tabbatar wayam yake, ka naɗa tsumma mai kananzir a kan sandar katako ka yi ta zurawa kana canzawa har dattin ya ragu, ka bi da busasshe, ka ƙare da mai ɗan man keke. Tsumman kada ya cika kauri, don in ya maƙale a gindin bindigar toka fitar da shi wahala ne.

Katako ba ya son man ƙarfe ko kaɗan. Man keke in ya jiƙa shi yakan yi baƙi ya yi laushi, musamman wuyan da ke bayan kunama, inda ya fi sauƙin karyewa. Ka goge shi da tsumma mai ɗan danshi, ka busar nan take. In ya bushe ƙwarai har ya yi fari, ɗigo kaɗan na man linsid, irin na masu sayar da fenti, a murza da tafin hannu a share ragowar, ya isa. Da shi sojan Ingila ke kula da katakon bindigoginsu a da. Tsumman da ya sha linsid kada a dunƙule shi a jefar, yana iya kama wuta da kansa, a jiƙa shi da ruwa ko a shanya shi a buɗe. In ka ga ƙananan huji da gari mai laushi yana zuba, ƙwaro na ciki, ka raba ta da sauran kayan katako ka nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi.

Sai batun fata da layu. Bindigogin maharba da yawa an naɗe su da fata, an ɗaura musu layu, wasu da wuri ko zoben tagulla. Kada ka yanke su. Su ne suka mai da bindigar Birmingham ta zama ta Bahaushe. Sai dai ka sani fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima, tana kuma cin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, don haka ka riƙa duba gefunan naɗin, kuma kada mai ya taɓa fatar.

A ƙarshe ka rufe ƙarfen da kaki. Gidajen tarihi suna amfani da wani mai suna Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya. In babu shi, man goge takalmi marar launi ko basilin siriri zai yi. Kaki ya fi mai daɗewa, kuma ba ya kama ƙurar hunturu.

Na biyar, a harba ko kada a harba?

Ra'ayina a fili yake: mafi yawan bindigogin gado sun gama aikinsu. Duk wadda bututunta ƙirar gida ne, duk wadda tsatsa ta yi wa ramuka a ciki, duk mai kumburi ko lotsawa ko tsaga, duk wadda aka taɓa yi wa walda, duk wadda katakonta ya tsage a wuya, ba a harba ta. Bututu yakan ruɓe daga ciki, daidai inda albarushi ke zama, wurin da ido ba ya kaiwa kuma inda hannun hagu da fuska suke kusa.

In kana da lasisi kuma ta farauta ce mai ƙoshin lafiya, sai wanda doka ta yarda ya yi gyara ya duba ta tukuna. Kai ma akwai abin da za ka iya lura da shi. Ka cire katakon gaba ka girgiza ta. In bututu yana motsi a jikin gindi, ta saki. Mai baki biyu, ka rataye bututun da zare ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Lafiyayye yana amsawa kamar ƙararrawa, wanda haɗinsa ya saki kuwa sautinsa a dushe yake. In ka ga zane mai murɗe-murɗe a jikin ƙarfen bututu, an ƙera shi ne da ƙarafan da aka naɗe aka haɗa a wuta, don baƙin albarushi aka yi shi, harsashin zamani ba nasa ba ne. Haka duk wadda ba ta da tambarin gwajin albarushin zamani, wato NP ko BNP ko kalmar NITRO a bindigogin Ingila.

Akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa mazaunin harsashinsu milimita 65 ne, harsashin kasuwa na yau kuwa 70 ne ko 76. Tsawon da aka rubuta a kwali na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi, saboda haka mai 70 zai shiga mazaunin 65 lafiya lau, bindiga ta rufe, amma in ya tashi bakinsa ba shi da wurin buɗewa, sai matsi ya ƙaru a cikin tsohon ƙarfe. Shigar harsashi ba ita ce shaidar dacewarsa ba. A karanta abin da aka buga a ƙarƙashin bututu.

Ga 'yan bindigar da ke fita hawan salla da na daushe da bukukuwan naɗi, inda ake harba albarushi zalla don ƙara, ga abin da nake roƙo. Bindigar toka baƙin albarushi kaɗai ta sani. Garin da aka farke daga harsashin zamani, ko kan ashana, ko haɗin da ba a san shi ba, su ne ke fasa bututu su tafi da yatsu. Kada a zuba daga gora kai tsaye, a auna a wani ɗan mazubi daban, don in akwai ragowar garwashi a ciki, abin da ke hannu ne zai tashi. A dakata tsakanin harbi da harbi. Kada a cika ɗuri don a fi na kusa ƙara. Toshiyar tsumma ko takarda ma tana raunata mutum a kusa, don haka baki sama, nesa da mutane da dawaki.

In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo ta ka leƙa. Ka riƙe ta a saitin da take, daƙiƙa 30 ga mai harsashi, minti ɗaya ko fiye ga ta toka, don tsohuwar wuta takan yi jinkiri. In kuma ta tashi da rauni, ƙarar ba ta kai yadda aka saba ba, ka tsaya ka duba bututu, wataƙila wani abu ya tsaya a ciki, harbi na biyu a kansa shi ke fasa bindiga. Ka sa tabarau mai kauri da abin toshe kunne.

Wankin bayan harbi a ranar ake yinsa. Tokar baƙin albarushi gishiri ce mai jan laima, haka ma hular tsofaffin harsasan soja, kuma mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke yi. Shi ya sa a da sojan Ingila ke tsiyaya tafasasshen ruwa a bututun Lee-Enfield bayan harbi. Ruwan zafi da ɗan sabulu, a yi ta zura tsumma har ya fito fari, a busar sarai, sannan a sa mai. Wanda ya shafa mai a kan toka ya rufe tsatsa ne a ciki. Ka wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma yara su yi wasa da dalma. Abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya ishe mu sanin haɗarinta.

Tsofaffin harsasai

Sau da yawa akan same su a gwangwani ko jakar fata kusa da bindigar. Gindin kwanso yana ɗauke da tarihinsa: K na kamfanin Kynoch ne a Birmingham, RG na masana'antar Radway Green, POF na Pakistan, OFN kuma na masana'antar makamai ta Kaduna da aka kafa a 1964. Lambobi biyu yawanci shekarar ƙira ce, VII a kan .303 kuma samfurin 1910 ne. Ka ɗauki hotonsu don kundinka, nan aikinka ya tsaya. Harsashi ma doka ta hana riƙe shi ba lasisi.

Albarushin zamani, saɓanin baƙi, yana ruɓewa da zafi da shekaru. Alamunsa su ne kore-kore a jikin tagulla, tsaga a wuyan kwanso, wari mai tsami, ko jan gari a cikin gwangwanin. Na farauta masu kwanson takarda sukan kumbura da laima. Kada ka gwada su, kada ka farke su, kada ka jefa su a wuta ko rijiya ko masai ko bola inda yara ke tone-tone. Ka sanar da 'yan sanda su ɗauka. In abin ya fi harsashi girma, kamar gurneti ko kan igwa, ko motsa shi kada ka yi, akwai sashen kwance bama-bamai don wannan.

Ajiya

Yanayinmu yana da wuya ga bindiga, don gaɓa biyu yake da su. Damina tana kawo tsatsa, hunturu yana busar da katako har ya tsage. Gidajen tarihi suna neman laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. A gida abin da za ka iya shi ne ka zaɓi ɗaki na ciki wanda zafinsa ba ya hawa da sauka sosai, nesa da kicin da banɗaki, ba ƙarƙashin kwano kai tsaye ba, ba kuma jingine da bangon da ke tsotson ruwa ba. Kada ta taɓa ƙasa saboda gara.

Kada ka adana ta cikin kube na fata, ko leda, ko bargo, ko soso, duk suna riƙe laima. Akwatin ƙarfe ko kabad mai kulle, ta kwanta a kan katakai biyu da aka naɗe da auduga, ko ta tsaya bakinta ƙasa don mai kada ya gangaro cikin katako. Ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani, ka riƙa shanya su a rana lokaci-lokaci. Kada a bar ta a ɗane, sifirin yana gajiya. Albarushi ko harsashin da lasisi ya halatta maka, wurinsu daban, kullensu daban, mabuɗin kuma a hannun mutum ɗaya. Ka duba ta farkon damina, da tsakiyar watan Agusta, da shigowar hunturu, kuma duk lokacin da hannu ya taɓa ƙarfen a share, don gumi gishiri ne.

In gidan ba zai iya wannan ba, ko doka ba ta ba ka damar riƙewa ba, akwai inda za ta zauna da mutuncinta. Gidan Makama a Kano, gidan tarihi na ƙasa a Kaduna da na Jos, da gidan tarihin yaƙi a Umuahia duk suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979, kuma dokar hukumar ta hana fitar da kayan tarihi waje ba izini, don haka ka yi hattara da dillalin da zai zo da kuɗi a hannu. Ka rubuta wa shugaban gidan tarihin da ya fi kusa da kai, ka haɗa da hotuna da labarin da ka tattara, ka nemi a shigar da 'yan sanda cikin maganar miƙawa, kuma ka roƙi a rubuta sunan mai ita da garinsa a katin da za a ajiye tare da ita.